2.4 Matsayin Salulos da Amilos Wajen Rarrabe Tagwayen Ƙwayoyin Magani

Wannan sashe zai yi bayani a kan yadda ake rarrabe ƙwayoyin sinadari masu kama da juna irin kamannin hannun dama da na hagu. Irin waɗannan tagwaye nauyinsu ɗaya, zafin da ke narkar da su ɗaya, amma aikinsu a jikin ɗan Adam yakan bambanta. Misali, maganin ofloxacin gaurayen tagwaye biyu ne, alhali ɗayansu, wato levofloxacin, shi ne ya fi ƙarfin kashe ƙwayoyin cuta.

Abin da ake rarrabe su da shi ba baƙo ba ne a ƙasar Birnin Gwari. Salulos shi ne ginshiƙin jikin itatuwan dajin Kamuku, amilos kuwa yana cikin sitacin masarar da ake nomawa a yankin. Dukkansu jerin sukarin gulukos ne mai siga ta hannu guda.

A shekarar 1984, Yoshio Okamoto na Jami'ar Osaka a ƙasar Japan ya nuna amfanin shafa sarrafaffen salulos a kan garin silika. Ana ɗura wannan gari a siririn bututun ƙarfe, sannan a tura ruwan magani ta ciki. Tagwai ɗin da ya dace da ramukan salulos yakan daɗe a maƙale, ɗan'uwansa ya riga shi fitowa. Kamfanin Daicel ne ke sayar da irin waɗannan bututu da sunayen Chiralcel da Chiralpak.

Daga wannan bayani za a fahimci cewa tantance ingancin irin waɗannan magunguna ba ya kammala sai an auna yawan kowane tagwai.