Matambayi Ba Ya Ɓata: Wasan Kwamfutar da Doom Ya Dusashe wa Tauraro

Idan aka tambayi masu sha'awar wasannin kwamfuta asalin wasan harbi irin wanda mai wasa ke kallon fili ta idon jarumin, ba ya ganin komai na jikinsa sai bakin bindiga, sunaye biyu za su kawo: Wolfenstein 3D na 1992 da Doom na Disambar 1993, dukansu na kamfanin id Software. Ba su yi ƙarya ba. Sai dai a tsakanin biyun, cikin Agustan 1993, wani ɗan ƙaramin kamfani a birnin Shikago na Amurka mai suna Bungie ya fitar da Pathways into Darkness, wasan da ya tilasta wa mai riƙe da bindiga ya tsaya ya yi tambaya kafin ya yi gaba.

Bungie a wancan lokaci bai wuce aikin samari biyu ba. Alex Seropian ne ya kafa shi a 1991, sannan ya haɗa gwiwa da Jason Jones, wanda ya yi karatu kamarsa a Jami'ar Shikago. Da Jones ya ga Wolfenstein 3D sai ya ƙudura yin irinsa a kan kwamfutar Macintosh ta kamfanin Apple. Shi ya rubuta manhajar, abokinsa Colin Brent ya zana dodannin.

Labarin da ke cikin wasan ya fara ne a watan Mayun 1994. Wasu halittu daga wata duniya, masu suna Jjaro, sun gargaɗi shugaban Amurka cewa wani dodo da ke barci ƙarƙashin wata dala a yankin Yukatan na Meziko zai farka nan da kwana takwas. Aka tura zaratan sojoji su kai bam ɗin nukiliya ƙarƙashin ƙasa su sumar da shi. Mai wasa ɗaya ne daga cikinsu, amma laimarsa ta ba shi matsala wajen dira, ya farfaɗo ya tarar abokansa sun riga sun shige, yawancin kayan yaƙinsa kuma sun salwanta.

A nan wasan ya raba hanya da tsararrakinsa. Dalar cike take da gawarwakin waɗanda suka riga ka shiga: sojojin Jamus na zamanin Nazi da suka zo a shekarun 1930, da masu farautar dukiya, da abokan tafiyarka. Akwai wani dutse rawaya mai sheƙi wanda, a tatsuniyar wasan, yake ba ka damar yi musu magana. Ba a jera maka tambayoyi ka zaɓa. Kai za ka rubuta kalma da hannunka, mamacin ya amsa, ka tsinci wani suna a cikin amsarsa, ka sake jefa masa shi. Wani ya ba ka labarin abin da ya kashe shi, wani yana cike da haushin shugabansa, wani ya manta rabin abin da ya sani. Wanda ya ƙi saurare zai iya harbe duk dodon da ya gani kuma ya maƙale, domin wasu asiran hanyar, har da abin da ake buƙata don tayar da bam ɗin, a bakin matattun suke.

Lokaci ma abokin gaba ne. Agogo na tafiya, harsashi kaɗan ne, kuma in ka ji rauni ka kwanta hutu sai sa'o'i su zube daga wa'adinka. Ƙarshen wasan ya danganta da abin da ka aikata: ko ka tayar da bam ɗin, ko ka fita da ranka.

To me ya sa aka manta da shi? Ba don ya faɗi kasuwa ba. Ya sayar da fiye da kwafi 20,000, abin da ya ba Bungie kuɗin kama ofis da ɗaukar ma'aikata, mujallun Macintosh kuma sun karrama shi. Matsalarsa ita ce rumfar da ya kasa kayansa. A kan Macintosh kaɗai yake aiki, alhali mafi yawan masu wasa suna kan kwamfutocin da ke amfani da DOS. Ga shi da wuya, ga jan rai. Bayan wata huɗu Doom ya fito da gudu da hayaniya, an raba kashinsa na farko kyauta, ya yaɗu daga hannu zuwa hannu. Daga nan duk wasan da ya zo da Doom ake auna shi.

Amma irin da aka shuka bai mutu ba. A wasansa Marathon na 1994, Bungie ya maye gurbin gawarwakin da allunan kwamfuta da mai wasa ke tsayawa ya karanta, har sunan Jjaro ya sake ɓullowa a jerin wasannin Marathon. Bayan Microsoft ya sayi kamfanin a 2000 sai ga wasan Halo a 2001. A 2013 wasu masoyansa suka sake fitar da Pathways kyauta don sababbin kwamfutocin Macintosh.

Yau ya zama ruwan dare a wasannin harbi ka tsinci wasiƙa ko muryar wani da ya mutu kafin isowarka, ka haɗa labari da kanka. Miliyoyin masu yin haka ba su taɓa jin sunan dalar Yukatan ba. Ita ma yanzu ta koma kamar mazauna cikinta: tana da labari, sai dai sai wanda ya tsaya ya tambaya zai ji shi.