Gargaɗi ga masu gidajen hiyaza a Hartum da Umdurman

'Yan uwa Hausawa da ke komawa Hartum, Bahri da Umdurman, da ku masu aiko da kuɗi daga Kano ko Jidda domin a tayar da bangon da yaƙi ya kayar, ku dakata da sayen siminti da kwano har sai kun san matsayin filinku a wurin hukuma. Tun bayan da sojoji suka karɓe babban birnin a watan Maris na 2025, gwamnatin jihar Hartum ƙarƙashin gwamna Ahmad Usman Hamza ta ɗaura ɗamarar kawar da unguwannin da take kira ashwa'i, wato waɗanda aka gina ba bisa tsarin gari ba. Hukumar kare filayen gwamnati ta riga ta shiga da katafila wurare irin su Izba a Bahri da Khairat a Sharƙan Nil. Hujjarta tsaro ce, tana cewa unguwannin sun zama maɓoyar ɓarayi. Amma waɗanda suka kwana a fili bayan rusau iyalai ne, da tsofaffi da yara.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne yawan mutanenmu da suka sakankance da takardar da ba za ta kare su ba. Za ka je gidan dattijo, ya buɗe akwati, ya zaro takarda a naɗe cikin leda, da hatimin kwamitin unguwa da sa hannun shaidu biyu, ya ce ai ga shaidar gidansa. Wannan hiyaza ce. Tana nuna ka daɗe a wurin, tana nuna wanda ya sayar maka, amma ba ta mallaka maka ƙasar ba. Tun 1970, zamanin Numairi, aka yi dokar da ta mayar da duk filin da ba a yi wa rajista ba mallakar gwamnati. Dokar mu'amalar jama'a ta 1984 ta maye gurbinta ba tare da ta sauya wannan tushe ba, sannan dokar tsara birane da rabon filaye ta 1994 ta ƙarfafa hannun hukuma wajen yanke abin da za a yi da kowane yanki. Takardar da ke tsaya wa mutum ita ce shahadar bahas, wadda ofishin rajistar filaye ke bayarwa, ɗauke da lambar fili, lambar murabba'i da sunan mai shi.

Ku kuma fahimci inda iko yake. Jihar Hartum tana da ƙananan hukumomi 7, cikinsu har da Umbadda, Karari da Jabal Auliya, amma taswirar gari a hannun ma'aikatar tsare-tsare ta jiha take. Idan taswirar ta ce inda ɗakinka na jalus, wato ginin laka, yake hanya ce, ko filin makaranta, ko magudanar ruwa, rasidin harajin da ka biya wa ƙaramar hukuma ba zai goge layin ba. Shigar wutar lantarki da famfo unguwa ma ba ya nufin an amince da ita.

Mun taɓa ganin irin wannan. A farkon shekarun 1990, lokacin da Sharafuddin Bannaga ke riƙe da harkar gidaje a jihar, an kwashe dubban mutane zuwa Darus Salam da Jabal Auliya, can bakin sahara inda ruwan sha ya zama abin saye a bayan jaki. Ishash Fallata, unguwar da kakanninmu masu tafiya hajji a ƙafa suka raya a kudancin Hartum, ita ma an tashe ta, aka mayar da mutanenta Inƙaz. A wancan karon waɗanda sunansu ya shiga ƙidaya ne suka samu fili a sabon wuri. Wannan ya sa nake jin tsoro ga iyalan da har yanzu ke gudun hijira a Gadarif, Kasala ko Masar: za a iya ƙidaya unguwa a yanke hukunci a kanta alhali mai gida ba ya nan. Duk wanda bai iya dawowa ba, ya wakilta ɗan uwa amintacce da takardar wakilci ta hannun lauya.

Akwai wata matsala da ta shafe mu fiye da kowa. Hukumomi na farautar baƙi marasa takardar zama a daidai wannan lokaci, kuma Bahaushen da aka haifi kakansa a Mai Wurno yana iya shiga komar saboda harshensa kawai. Wannan zalunci ne, domin ɗan ƙasa ne kamar kowa, amma ranar rusau ba ranar muhawara ba ce. Kowane baligi a gida ya nemi lambarsa ta ɗan ƙasa, a ɗauki hotonta a waya, a aika wa wani a wajen gari. Haka za a yi da takardun gida, da rasidin wuta da na ruwa, da hoton ginin ciki da waje.

Dillalai kuwa sun baza komarsu. Fili mai araha a gefen Umbadda ko Salha, wanda ake cewa ka biya yau takarda ta biyo baya, araha ce da ba ta ado. Kada ku ba da ko sisi sai da sabuwar shahadar bahas da kuka karɓo da kanku, sunan da ke kanta kuma ya yi daidai da na mai sayarwa. Ku guji bakin Khor Abu Anja da sauran hanyoyin ruwa, ko da kyauta aka ba ku. Ambaliyar 1988 da ta 2020 sun ishe mu shaida.

Idan aka shafa alama a bangonku ko aka kawo sanarwar tashi, kada matasa su tare katafila da duwatsu. A Soba Aradi, cikin Mayun 2005, irin wannan arangama ta ci rayukan mazauna da na 'yan sanda. Limamai da shugabannin unguwa su tara sunan kowane gida da shekarun zamansa, su ɗauki lauya guda, su kai koke a rubuce ga ƙaramar hukuma da ma'aikatar tsare-tsare, su nemi wa'adi da filin musanya kafin a taɓa bango, su kuma karɓi shaidar cewa an amshi koken. Gwamnatin jiha tana da haƙƙin tsara garinta, amma mutanen da suka tsira daga harsashi bai kamata a tura su kwana a rumfa ba tare da an nuna musu inda za su koma ba. A fara tara sunayen nan daga Juma'ar wannan makon, bayan an idar da salla.