Reshen Mata na Jam'iyyar NEPU da Maganar Ƙuri'ar Mata a Ƙasar Gobir

Mai nazarin siyasar ƙasar Hausa yakan ci karo da wani abin mamaki game da Jam'iyyar Neman Sawaba, watau NEPU, wadda aka kafa a Kano ran 8 ga Agusta, 1950. Jam'iyyar tana da reshen mata mai ƙarfi, alhali kuwa ba mace ko ɗaya a Jihar Arewa da ke da ikon jefa ƙuri'a. Tun da riba a siyasa ƙuri'a ce, me ya kai mata ga wahalar jam'iyyar da ba su iya zaɓenta?

Amsar tana cikin manufar jam'iyyar. Malam Aminu Kano da abokansa sun ɗauki danniyar da En'e ke yi wa talaka da tauye matan da ake yi a matsayin ciwo guda, don haka suka sanya ilmin mata da ƙuri'arsu cikin bukatunsu. Jam'iyyar NPC kuwa ta tsaya a kan cewa al'adar Arewa ba ta yarda da haka ba. Aikin reshen mata shi ne shiga inda namiji ba ya shiga, watau cikin gidajen kulle da wuraren biki da suna, su yi bayani, su tara kuɗin taimako, su kuma raya taro da waƙa da guɗa. Ladarsu a bakin abokan hamayya ita ce a kira su karuwai, kuma wannan suna ya hana matan aure da yawa fitowa fili.

Wadda ta fi shahara a cikinsu ita ce Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, wadda aka haifa a 1933. Tun tana yarinya ta shiga NEPU, har ta shugabanci reshen matan, ta kuma je Abeokuta ta ga yadda Funmilayo Ransome-Kuti ke tafiyar da ƙungiyar mata. A 1953 aka kama ta a Kano tare da mata da yawa bisa laifin taro ba da izni ba, aka ɗaure su, daga baya aka hana ta zaman birnin. An lissafa cewa sau 16 ana ɗaure ta.

Ƙasar Gobir ta fi ko'ina nuna nauyin wannan gwagwarmaya. Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808 Gobirawa sun watsu, daga baya Turawa suka ja iyaka, Tibiri ta faɗa hannun Faransa, Sabon Birni da Isa suka zauna ƙarƙashin En'e ta Sakkwato, lardin Sardauna, inda NPC ta fi kafuwa. Dokar Faransa ta 1956 ta bai wa kowane baligi ƙuri'a, mace da namiji, a lokacin da Djibo Bakary ke tashe, wanda jam'iyyarsa ita ma ta ɗauki sunan Sawaba. Ke nan Bagobira ta Tibiri ta sami ƙuri'a shekara 20 kafin 'yar'uwarta ta Sabon Birni, wadda sai a 1976 aka ba ta. Hujjar al'ada ma ba ta da ƙarfi a nan, domin Gobir ta daɗe da sarautar Inna, mace mai faɗa a ji a fada, wadda al'amuran mata da na bori ke hannunta.

Idan aka kwatanta da Turai sai bambanci ya fito. Matan Holan sun sami ƙuri'a tun 1919, saboda haka reshen mata na jam'iyyar ma'aikata ta PvdA, wanda ya ɗauki sunan Rooie Vrouwen, watau Jajayen Mata, a 1975, kujeru ya nema a cikin jam'iyya da majalisa, har aka rushe shi a 1995. Matan NEPU ba su kai wannan mataki ba soja suka hana jam'iyyu a 1966.

Da aka dawo siyasa a 1978, Malam Aminu ya kafa PRP, Gambo kuwa ta bi GNPP ta Waziri Ibrahim, inda ta zama mataimakiyar shugaba. Matan Arewa sun yi zaɓen ƙasa na farko a 1979. A shirin zaɓen 1983 Malam Aminu ya ɗauki mace, Bola Ogunbo, ta tsaya masa mataimakiya, amma ya rasu a watan Afrilu kafin a kai ga akwati.