Idan Ƙofar Hasken Kyamara Ta Fara Gardama

Ga mai ɗaukar hoton minista, sau ɗaya ake sa hannu kan yarjejeniya. Shi ya sa matsalar da ke zuwa tana tafiya ta fi tayar da hankali: a ofis kyamara lafiya lau, a zauren taro hoto ya fito fari fat ko baƙi ƙirin.

Sau da yawa laifin na ƙofar haske ne, wato ramin da ke buɗewa da tsukewa a cikin gilashin kyamara. Masu gyara kan fara da sauya gilashi. Idan matsalar ta ɓace, jikin kyamarar ba shi da laifi. Kyamarorin Canon kan nuna Err 01 idan sadarwa ta yanke tsakanin jiki da gilashi, kuma goge ƙarafan mahaɗarsu da busasshen ƙyalle kan wadatar, musamman lokacin ƙurar hunturu.

Amma idan gilashin EF 24-105mm yana aiki a f/4, yana ƙi a f/11, galibi siririyar wayar cikinsa ce ta gaji, sai an sauya ta. Don haka gogaggu kan gwada kowace lamba tun jajibirin taro.