Bayanan da CERN ke zubarwa: gaskiya da ƙarin gishiri

Wani saƙo na ta yawo a zaurukan WhatsApp, har ya kai hannun malaman makaranta da ma'aikatan asibiti, su ma suna turawa gaba. Magana yake a kan CERN, cibiyar binciken ƙwayoyin zarra da ke kusa da Geneva, a kan iyakar Faransa da Suwizalan, inda injin LHC yake shimfiɗe cikin rami mai kewayen kilomita 27, kimanin mita 100 a ƙarƙashin ƙasa.

Zarge-zargen farko ba su cancanci dogon bayani ba. Wai injin ƙofa ce ta shiga duniyar aljanu: wanda ya faɗa bai kawo ko hujja ɗaya ba. Wai zai haifar da baƙin rami ya haɗiye duniya: ƙwayoyin da ke zuwa daga sararin samaniya sun daɗe suna dukan iskar duniya da ƙarfin da ya fi na LHC, ga mu nan lafiya lau. Gunkin Shiva da saƙon ya kafa hujja da shi kuwa, yana harabar cibiyar, amma kyauta ce daga gwamnatin Indiya a 2004.

Zargi na ƙarshe shi ne mai dafi. Saƙon ya ce masanan na goge fiye da kashi 99 cikin 100 na abin da injin ya gani don kada duniya ta san gaskiya, sannan ya zarce da cewa masu ɓoye wannan ba za a amince musu a kan allurar riga-kafi ba. Nan ne ɓarnar take, domin uwar da ba ruwanta da Geneva za ta iya hana a yi wa ɗanta allura.

Adadin gaskiya ne, har ma wanda ya rubuta ya rage. Abin da ake ajiyewa bai kai ɗaya cikin 10,000 ba. Don haka ba za a ga laifin wanda ya karanta gabansa ya faɗi ba. Laifin na wanda ya ɗauko adadin ne ya yar da dalilin, alhali su biyun a wuri guda CERN ta bayyana su.

Dalilin kuwa lissafi ne. A cikin LHC, dunƙulen ƙwayoyin furoton na gittawa da juna har sau miliyan 40 a daƙiƙa ɗaya, kuma a kowace gittawa ana samun karo gommai. Manyan na'urorin da ke lura da wannan, ATLAS da CMS, suna buƙatar kimanin megabait ɗaya ko fiye don adana gittawa guda. Idan aka ce a ajiye komai, ana maganar terabait 40 a kowace daƙiƙa. Babu wayar da za ta kwaso wannan daga cikin na'urar, babu rumbun da zai ɗauka. Kuma galibinsa abin da aka sani ne tun da daɗewa: ƙwayar Higgs da aka sanar da gano ta ranar 4 ga Yuli, 2012, sau ɗaya kacal take fitowa a cikin karo kusan biliyan guda.

Shi ya sa aka gina matata mai hawa biyu, kamar mai tankaɗe da ke fara sa rariya mai manyan ido kafin ta koma ga mai ƙanana. Hawa na farko lantarki ne zalla. Cikin 'yan miliyoyin kason daƙiƙa yake duba ko an samu ƙwaya mai ƙarfi sosai, ko wani makamashi ya yi ɓatan dabo, sai ya bar kimanin 100,000 a daƙiƙa su wuce. Hawa na biyu tarin kwamfutoci ne masu duba kowanne da kyau, su rage zuwa dubu ɗaya ko 'yan dubbai. Babu wani mutum da ke zaune yana kallon sakamako yana cewa wannan a goge. Ina ma lokacin? Ƙa'idojin tacewar an tsara su tun kafin a fara, an buga su a mujallun kimiyya. Ana kuma ajiye wani kaso da aka tsinto haka kawai ba tare da zaɓe ba, domin a riƙa auna ko matatar na zubar da abin da bai kamata ba.

Akwai wani abu da mai saƙon bai yi tunaninsa ba. ATLAS da CMS kishiyoyin juna ne, kowacce da dubban masana daga ƙasashe da dama da matatarta daban. Wadda ta ɓoye wani abu, ɗayar ce za ta riga ta shela. Tun 2014 kuma CERN ke sakin bayanan karon a intanet ga duk mai so.

Sai dai babu masanin da zai rantse cewa ba a taɓa zubar da wani abu mai daraja ba. Matata abin da aka koya mata take nema. Ƙwayar da ba a zata ba, musamman mai jinkirin rushewa, tana iya sulalewa, kuma abin da aka zubar ya tafi ke nan. Masanan da kansu ne suka fi kowa kokawa da haka, a fili, a tarurrukansu. CMS ta ɓullo da dabarar ajiye taƙaitaccen bayani na karo masu yawa maimakon cikakken bayani na kaɗan, ta kuma sa wata manhaja mai koyo da kanta a hawan farko don ta cafke duk abin da ya saɓa wa al'ada. LHCb kuwa, wata na'urar daban da ke kan LHC, tun 2022 ta cire hawan lantarkin ɗungurungum, kwamfutoci ne ke duba kowace gittawa. Idan aka kammala ƙara wa injin ƙarfi wajajen 2030, ana sa ran karo zai kai 200 a gittawa guda, kuma ATLAS na shirin buɗe hawanta na farko ya riƙa barin miliyan ɗaya a daƙiƙa.