Masu Ganga a Filin Pantami: Aikin Ƙungiyar Magoya Baya

Gabatarwa

Ni ba Bahaushe ba ne. Daga kudancin Jihar Gombe iyayena suka zo, kuma kaso mai yawa na Hausar da nake ji, kafin in shigo wannan sashe, a filin wasa na Pantami na tsince ta. Wannan ya sa na ga ya dace in yi wa mai karatu bayanin wasu mutane da ake gani kullum a filin amma ba a cika lura da aikinsu ba, wato ƙungiyar magoya baya.

Su Wane ne Magoya Baya?

Akwai bambanci tsakanin ɗan kallo da ɗan ƙungiyar magoya baya. Ɗan kallo ya sayi tikiti ne ya zo ya ga wasa, in ya ga babu daɗi ya kama gabansa. Su kuwa 'yan ƙungiya suna da shugabanni, suna yin karo-karo don ɗinka riguna da ɗaukar makaɗa, su zauna wuri guda, wani lokaci har su bi 'yan wasa a mota zuwa wani gari. Abin ya daɗe a Najeriya, domin tun 1955 aka kafa ƙungiyar magoya baya ta ƙasa, wadda aka sani da ganguna da bushe-bushe a duk inda Super Eagles ta je. A Kano kuwa kowa ya san taken "Sai Masu Gida" na Kano Pillars. Mu a nan, Gombe United da aka kafa a 1990 ta girmi jihar ma, tun da sai a 1996 aka cire mu daga Bauchi. Daga baya Doma United ta shigo babbar gasar ƙasa a 2023, ita ma a Pantami.

Yadda Suke Tayar da Fili

A nan ne abin ya fi ba ni sha'awa a matsayina na ɗalibin Hausa. Da muka karanta waƙar baka a aji, malam ya yi bayanin jagora da 'yan amshi, sai na ga ashe abin da nake gani ke nan tun ina yaro. Mutum ɗaya mai murya zai miƙe ya juya wa fili baya (shi kam rabin wasan ma ba ya gani), ya bayar da ɗan gajeren baiti, sauran su amsa, ganga da kalangu na riƙe da su. Dole amshin ya zama gajere, yadda Bafulatani da Batangale da Batere da Bayarabe za su kama shi nan take. Akan yi wa ɗan wasa kirari in ya yanke mutum biyu, a yi wa golan baƙi zambo har ya rikice.

Amma kowa ya iya ihu idan an zura ƙwallo. Ana gane ƙungiyar kirki ne lokacin da aka ci mu a gida, ko alƙalin wasa ya busa abin da ba mu so. A irin wannan lokaci fili kan yi tsit, sai zagi ya fara, sai jifa da ledar fiyawata, daga nan sai dutse. Na taɓa ganin ranar da mai ganga ya ƙi barin shirun nan ya zauna. Ya ƙara ƙarfin kiɗa, jagora ya ɗauko waƙa, dattawan ƙungiya kuma suka shiga cikin samari suna cewa, "Haba ƙanena, ajiye, mu za ka cuta." Aka tashi an ci mu, amma kowa ya koma gida lafiya.

Abin da Ake Asara

Maganar dattawan nan gaskiya ce. A Afrilun 2022, bayan wasan Kano Pillars da Katsina United a filin Sani Abacha, an farfasa motar baƙin. Hukumar gasa ta ci Pillars tara, ta kuma cire mata maki uku, kuma a ƙarshen kakar nan ƙungiyar da ta ci kofin ƙasa sau huɗu ta faɗa ƙaramin rukuni. Idan aka hana 'yan kallo shiga ko aka mayar da wasa wani gari, mai rake da mai tsire da ɗan Keke Napep da ke jira a bakin ƙofa duk sun shiga cikin hukuncin.

A 2024 Gombe United da Doma United suka faɗo tare. A ganina irin wannan lokaci ne aka fi buƙatar masu ganga, domin samarinmu na Bolari da Jekadafari da Tudun Wada tuni gidajen kallo suka janye su wajen Arsenal da Barcelona. Yaron da ya saba kallon cikakken fili na Ingila a talabijin, in ya zo Pantami ya tarar da kujeru wayam babu ko kiɗa, da wuya ka sake ganin sa.