Ambaliyar Kwara Da Amanar Da Ke Hannun Bankuna

A cikin damanar 2020 Kogin Kwara ya cika ya batse, ya shafe gonakin shinkafa a fadamun Jihar Kebbi, har da na Yawuri da Shanga da Ngaski. Da yawa daga manoman jihar da bashi suka yi shuka, ƙarƙashin shirin rance na Babban Bankin Nijeriya wanda aka buɗe a Birnin Kebbi cikin 2015. Ruwa ya ci shinkafa, bashi kuwa yana nan.

Wannan shi ne abin da ma'abota banki ke tsoro, wato in masu bashi duk suna bakin kogi ɗaya, rana ɗaya za su kāsa biya. Alhali kuwa kuɗin da banki ke rantawa galibinsu ba nasa ba ne, ajiyar masunci ne da mai sayar da albasa a kasuwar Yelwa.

Saboda haka hukuma ta ƙayyade wa banki kaya, kamar yadda akan ƙayyade wa jirgin ruwa. Ba ya halatta ya ranta wa mutum ɗaya abin da ya wuce humusin jarinsa. Wajibi ne jarinsa ya kai ushirin basussukan da ke iya salwanta, in kuwa yana ciniki har ƙasashen waje, kashi 15 cikin 100. A 2024 aka ɗaga jarin manyan bankuna zuwa naira biliyan 500.

In duk da haka banki ya durƙushe, kamar yadda aka soke lasin Bankin Heritage cikin Yunin 2024, hukumar lamunin ajiya, wato NDIC, takan biya kowane mai ajiya har naira miliyan 5.

Kamfanonin inshora su ma ba a bar su sakaka ba, domin alkawarin mai hannu wofi ba ya mayar da gona. Dokar 2025 ta wajabta wa mai inshorar dukiya jarin naira biliyan 15, mai ta rai biliyan 10. Wanda zuciyarsa ba ta natsu da inshora ba, tun 2013 aka tsara ƙa'idojin takaful.

Manomin da zai ci bashi, ya kamata ya tambaya ko an yi wa gonarsa inshora, kuma wane ne zai biya ran da ruwa ya hau. Kwara ba ta aiko manzo. Allah ya kiyaye.